Na kai ƙasar lambu da alayyahu riyaktar nukiliya ta Zariya, ga yadda ta kaya

Tun ranar da 'yan ajinmu suka ga takardar sakamakona suke bina da tambaya, wai da gaske akwai riyaktar nukiliya a Zariya, wato na'urar da ake sarrafa makamashin nukiliya a cikinta, kuma wai da gaske mutum irina zai iya ɗibar ƙasa a leda ya kai a auna mashi. Eh da gaske ne. Na gaji da maimaita labarin ɗaya bayan ɗaya shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ke shirin zuwa ya karanta kada ya yi irin wautar da na yi, don na yi wauta har guda biyu kuma duk zan faɗa.

Ina digiri na biyu ne a nan Katsina, aikina kan lambunan nan ne na bayan ganuwa inda ake ban ruwa da ruwan kwata lokacin rani, ana noma alayyahu da latas da kabeji mu saya mu ci. Tambayar mai sauƙi ce, me ke cikin ƙasar kuma me ganyen ya sha daga ciki. Malamin da ke duba aikina ya ce in kai samfur cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka fi sani da CERT, a yi mani awon nan da ake kira NAA, wato a buga wa samfur niyutiron, wasu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani da riyakta ke fitarwa, sannan a saurari abin da zai amayar. Na ce to ranka ya daɗe, na fita ban tambayi komai ba, kun san halin ɗalibi gaban malami, kai kawai ake kaɗawa ko an gane ko ba a gane ba.

Da na faɗa wa Inna zan je Zariya wurin nukiliya sai ta ajiye ludayi ta ce “kai ɗan nan, wurin bam ɗin za ka? Ba ka da wani aikin ne?” Na ce Inna ba bam ba ne awo ne, ta ce to Allah Ya tsare amma in ka dawo kada ka shigo mani ɗaki da kayan da ka je da su. Ban yi mata gardama ba don ni kaina a lokacin ban fi ta sani da yawa ba.

Na tashi da asuba, mota ta bi da mu Charanci, Kankiya, muka karya a Gidan Mutum Ɗaya muka yi Malumfashi, Funtuwa, Giwa, Shika sai Samaru. Direbanmu ya ɗora buhun barkono kan jakar samfur ɗina, tun daga Malumfashi nake addu'a kada leda ta fashe ƙasa ta gauraye, aikin wata biyu ya tafi a banza. Ba ta fashe ba. Shawara ta farko kenan, ka riƙe kayanka a cinya ko da kwandasta zai yi maka tsiya.

Wurin ba irin ofishin da za ka faɗa kai tsaye ba ne, akwai tsaro kuma da gaskiyarsu, na je da takardar sashenmu da katin makaranta, aka rubuta sunana aka nuna mani inda zan kai. Abin da ya fara burge ni shi ne wanda ya karɓe ni bai fara da maganar kuɗi ba, sai da ya zaunar da ni ya ce “Malam, me kake nema a cikin samfur ɗin?” Na buɗe baki da ƙarfina na ce dalma. Don gaskiya dalma ce a raina tun farko, duk wanda ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sama da 400 ta dalilin dakan dutsen zinare a cikin gidaje, in aka ce mashi guba a ƙasa dalma zai fara tunawa. Mutumin ya yi murmushi ya ce to ai wannan awon ba ya ganin dalma.

Wallahi ji na yi kamar an watsa mani ruwan randa. Wauta ta farko kenan, kuma tawa ce ba ta kowa ba, da na buɗe littafi ko na tambayi Malam da na sani. Ashe ita dalma ba ta cika kama niyutiron ba, ɗan abin da ta kama ma ba ya fitar da irin hasken nan da ido ba ya gani, wanda ake kira gamma, da na'urar ke ƙirgawa, abin dariyar ma shi ne gidan da ake ajiye na'urar ƙirgar a ciki da dalma ake kewaye shi don ta tare hasken waje. In dalma kake nema sai ka nufi wani awon daban, irin wanda ake narkar da samfur a asid. Ya yi mani bayanin nan ba tare da ya maida ni sakarai ba, ya lissafo mani abin da awon ke gani da kyau, asanik, kuromiyom, kobal, ƙarfe, tutiya, manganis, sodiyom, alminiyom da wasu da dama da ban taɓa jin sunansu ba sai a jadawalin aji, ya ce in ina so a ci gaba to, in kuma dalma kaɗai ce damuwata kada in ɓata kuɗina. Wannan kaɗai ya isa in ba su maki, da wani wurin ne sai an karɓe kuɗin tukuna sannan ka ji labari. Na kira Malam a waya, ya ce ai shi dama asanik da kuromiyom yake so a fara gani, dalma daga baya, “kai ne ba ka tambaya ba.” Na haɗiye.

Yadda ake aikin shi ne abin kallo. Samfur 24 na kai, ƙasa 12 ganye 12, ina ta taƙama da manyan ledoji ashe abin da ake buƙata daga kowanne ɗan tsunkule ne, bai kai rubu'in giram ba. A auna shi a sikeli mai gilashi, a naɗe a 'yar leda mai tsabta, a sa a wani ɗan ƙoƙon roba kamar kwalbar magani a liƙe bakin da zafi. Ba a taɓawa da hannu tsirara, don gumin yatsa akwai gishiri kuma sodiyom ɗin cikinsa zai fito a sakamako kamar na ƙasarka ne. Ƙoƙon nan zomo suke ce mashi a turancinsu, kuma sunan ya dace, don iska ce ke harba shi ta cikin bututu ya faɗa kusa da zuciyar riyaktar, in lokaci ya cika ta dawo da shi. Ni ban shiga ɗakin riyaktar ba kuma ban nemi in shiga ba, abokin ciniki ba ya da aiki a can.

Ita kanta riyaktar, NIRR-1 ake kiranta, duk girman sunan nan zuciyarta ba ta wuce santimita 23 ba a faɗi da tsawo, kamar ƙaramin bokitin fenti, tana can ƙasan wani tafkin ruwa. Ƙarfinta da aka fara kilowat 30 ne, kuma zafi ne ba lantarki ba, wato kamar a kunna dutsen guga talatin lokaci ɗaya. Na faɗi wannan saboda wani abokina a majalisarmu ta Ƙofar Soro da ya ce in muna da nukiliya a Zariya me ya sa ake ɗauke mana wuta. Malam ko layinku ba za ta haska ba, ba don haka aka yi ta ba, niyutiron ake nema a jikinta ba wuta ba.

Sai maganar jira, wadda ita ce mutane za su fi ƙorafi a kai in ba su gane ba. Kowane sinadari da ya sha niyutiron akwai saurin da yake hucewa. Alminiyom cikin minti biyu da 'yan daƙiƙu rabin ƙarfinsa ya tafi, shi ya sa da zomo ya dawo ake rugawa da shi wurin ƙirga. Manganis awa biyu da rabi. Sodiyom awa 15, kuma shi ne mai surutu, in yana da yawa a samfur sai ya rufe muryar sauran, dole a ajiye kwana huɗu ko biyar ya yi shiru kafin a ji asanik, su kuromiyom da kobal kuwa sai an ƙara jira wajen mako biyu a sake ƙirgawa. To ka ga ko kai ɗan sarki ne ba za a ba ka sakamako gobe ba. Nawa ya ɗauki wata guda da 'yan kwanaki, kuma tun ranar farko aka faɗa mani kada in sa ran kusa. Wanda difens ɗinsa, wato kare aikinsa gaban malamai, saura mako biyu kada ma ya ɗauko hanya. Kuɗi kuwa bisa yawan samfur ake biya kuma an ba ni risit, ban rubuta farashi ba don yadda naira ke rawa kafin ka karanta ya canza, amma dai ɗalibi sai ya yi shiri, ni sai da na rage samfur daga 40 zuwa 24 tun a gida.

Yanzu wauta ta biyu, wadda har yau in na tuna sai in rufe fuska. An ce mani ganye a wanke shi da ruwan da aka tace, a busar, a daka a turmin dutse ko na tangaran, kada ƙarfe ya taɓa shi. Na yi tara haka, hannuna ya yi kanta, dare ya yi ga tafiya da asuba, sai shaiɗan ya raya mani ai saura uku ne kawai, na kai wa wani mai injin niƙa a unguwarmu inda ake niƙa kuka da kuɓewa, ya zuba ya niƙe mani cikin minti biyu har yana tambaya ko miyar alayyahu busasshe ta shigo ne. Ban faɗa wa kowa ba. Ranar da na koma karɓar sakamako, mutumin nan ya buɗe takardar ya sa biro kan layi uku ya ce “Malam, waɗannan ukun da me ka daka su?” Ƙarfe da kuromiyom ɗinsu sun yi sama sun bar 'yan uwansu da aka tsinko a fili ɗaya rana ɗaya. Faifan injin niƙa ne ya goge a cikin garin, ido ba ya gani amma riyakta ta gani. Na yi tsuru-tsuru kamar an kama ɓarawon kaza. To daga ranar na yarda da awon nan ɗari bisa ɗari, abin da ya tona asirin injin niƙan unguwarmu ba zai yi mani ƙarya kan ƙasar lambu ba.

Wani abu da na lura a takardar, akwai layin da ba samfur ɗina ba ne. Na tambaya aka ce ma'auni ne, wato wani gari da aka riga aka san abin da ke cikinsa daidai, ana sa shi tare da naka a buga masu niyutiron tare, in na'ura ta faɗi daidai a kansa to naka ma abin yarda ne. Irin wannan garin daga hukumar nukiliya ta duniya IAEA ake samunsa ko daga hukumar ma'aunai ta Amurka, ɗakunan bincike da yawa a ƙasashe daban-daban suka auna shi aka daidaita. Kamar dai tiyar da duk kasuwa ta yarda da ita. Daga nan ne na fara bin diddigin wai ma wa ya kawo wannan abu Zariya, don a raina na ɗauka gwamnati ce ta shiga kasuwa ta sayo kamar janareta.

Ashe gayya ce. Ita IAEA an kafa ta a 1957 a Biyana ta ƙasar Ostiriya, bayan jawabin da shugaban Amurka Eisenhower ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a Disambar 1953 kan amfani da nukiliya ta hanyar lumana, Najeriya ta shiga a 1964. Tana da asusun taimakon fasaha da ƙasashe ke zubawa kamar adashe, daga ciki ake sayen kayan aiki da tura mutane horo. Ta wannan hanyar aka yi yarjejeniya tsakanin hukumar da Najeriya da Sin, cibiyar makamashin nukiliya ta Sin ta ƙera riyaktar, ta fara aiki a Fabrairun 2004. Kuma ba mu kaɗai ke da irinta ba, akwai a Ghana kusa da Akara, akwai a Iran, Pakistan da Siriya, duk 'yan gida ɗaya ne.

Bayan asusun akwai wani tsarin da ya fi burge ni, na binciken haɗin gwiwa. Hukumar za ta fitar da tambaya ɗaya, cibiyoyi kamar goma zuwa sha biyar daga ƙasashe daban-daban su ɗauka, a yi shekara uku zuwa biyar ana aiki, lokaci-lokaci a haɗu kowa ya baje abin da ya samo. Na ƙasashe masu tasowa ana ba su kwangila da ɗan kuɗi, na ƙasashe masu hali sukan shigo da kuɗinsu, sakamako kuma a buga kowa ya gani kyauta. Irin wannan aka buɗe a 2006 kan riyaktocin nan 'yan gida ɗaya, saboda man da suka zo da shi yuraniyom ne da aka tace har kashi 90 cikin ɗari, irin wanda ake yin makami da shi, duk da cewa na Zariya wajen kilo ɗaya ne kacal. Tambayar ita ce za a iya sauya shi da mai rauni ba tare da niyutiron ya ragu ba? Masanan ƙasashen nan da na Sin da na Amurka suka zauna kan lissafi ɗaya, ka duba fa, Amurka da Iran da Siriya a aiki guda. Lissafi ya nuna kashi 13 ya isa in an ɗaga ƙarfin zuwa kilowat 34. A wajen Sin, Ghana ce ta fara sauyawa a 2017, aka kafa wurin horo a can, ma'aikatanmu suka je suka koyi yadda ake zare zuciyar. A ƙarshen 2018 aka yi na Zariya, aka ɗora tsohon man a jirgin sama daga Kaduna aka maida shi Sin a watan Disamba, Amurka ta ɗauki kaso mai tsoka na kuɗin, Birtaniya da Norway suka sa hannu, kamfanonin Rasha da Cek suka kawo tukwanen ɗauka. Wato lokacin da Inna ke cewa wurin bam, abin da ake tsoron shekaru ke nan da barinsa ƙasar.

A nan zan faɗi ra'ayina ko ba a tambaye ni ba. Ni dai na lura kuɗin tsoro ya fi kuɗin ilimi sauri. Da aka ce akwai kilo ɗaya na abin da ɓata-gari za su iya sha'awa, ƙasashen da ba sa ga maciji da juna suka haɗa kai da jirgi da tukunya da komai. Amma ɗalibin da ke son sanin me ke cikin latas ɗin da ake sayarwa a bakin titi, shi daga aljihunsa zai biya har ya rage samfur. Ban ce sun yi laifi ba, kowa gabansa yake karewa, kuma mu ma mun amfana tunda an bar mana riyakta da sabon mai da zai daɗe. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara, na waje zai kawo na'ura ya horar da mutum, amma ruwan naitirojin da ke sanyaya na'urar ƙirga da man janareta da albashin mai kula da ita kullum, wannan namu ne, ba wanda zai zo daga Biyana ya saya mana. Ga Arlit can a Nijar ana haƙar yuraniyom shekara da shekaru, mu da muke maƙwabtaka da Maraɗi ko labarin ba mu cika yi ba.

In za a ce in ba da maki, huɗu da rabi cikin biyar, rabin da na cire na dalma ne kuma na san ba laifinsu ba ne, haushina ne kawai bai gama hucewa ba. Wanda ya dace ya je, mai son sinadarai da yawa a awo ɗaya ba tare da an narkar da samfur ba, masu aikin ƙasa da duwatsu da taki da kanwa da maganin gargajiya. Mai kanwa dai ya ƙara haƙuri don sodiyom ɗinta sai ya sha jira. Ka je da takardar sashenku, ka rubuta lamba a jikin kowace leda da alƙalamin da ba ya gogewa, ka bar rabin kowane samfur a gida don wanda ya shiga riyakta ba a dawo maka da shi. Kuma ka rubuta sunayen sinadaran da kake nema ka tambaya tun kafin ka hau mota.

Abin da aka gani a ƙasar lambun ba zan faɗa yanzu ba sai Malam ya duba kuma an yi na dalmar, ba na so in ɓata wa masu lambu kasuwa da rabin magana. Baba mai lambun da ya bar ni na ɗebi ƙasarsa kullum in na wuce sai ya ce “ɗan boko, injin naku ya ce me?” in ce Baba saura kaɗan. Ukun nan kuwa dole in sake, kuma ragowar da na ajiye a gida babu, Inna ta gan su a leda kan taga ta ɗauka kuka ce ta kaɗa mana miya da su ranar wata Talata, har na yi ƙari. Jibi zan koma lambun in tsinko sabo, na riga na aro turmin tangaran a ɗakin gwaji na sashenmu.